Tarihin Wutar Lantarki Daga Calawa Zuwa Kunci: Wa Ya Biya, Wa Ya Sha Haske?

Na san akasarinku kun fi sabawa da ganin sunana a bangon littattafan soyayya da na rikicin kishiyoyi, to yau kam sai ku yi mini uzuri, domin na ɗan jingine ƙagaggen labari na ɗauko wani zance da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato tarihin wutar lantarki a ƙasarmu, da yadda ta iso ƙauye, da abin da ta zo mana da shi.

Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne, a ƙaramar sallar da ta wuce na je gida. Gidanmu wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Kunci, arewa da birnin Kano, idan ka wuce Bichi, kusa da inda Kano ta haɗa iyaka da Jigawa da Katsina. A 2024 an sauya wa ƙaramar hukumar suna zuwa Ghari, amma bakinmu ya riga ya saba da Kunci. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura dubu ɗari. Da daddare muna zaune a tsakar gida ana hira da hasken tocilar waya, sai 'yar yayana, yarinya 'yar shekara tara, ta nuna turken wutar da ke bayan katangarmu ta ce, "Gwaggo, wai wannan icen na mene ne? Ni dai ban ga yana yin komai ba sai tsuntsaye da ke sauka a kai." Kowa ya kwashe da dariya, ban da yayana da ya sunkuyar da kai. Na san dalilinsa, kuma zan zo kansa a gaba. Amma kafin nan bari mu koma baya mu ga inda turken ya samo asali.

FITILAR FARKO DA KUƊIN HARAJI

Wutar lantarki ta shigo Nijeriya ne ta Ikko a 1896, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa wani ɗan inji mai ƙarfin kilowat 60 don haskaka gidan gwamna da titunan bakin teku. Kilowat 60 ɗin nan, mai karatu, yau ba zai riƙe babban otal ɗaya a Kano ba. A Arewa kuwa ma'adinai ne suka fara jawo ta da ƙarfi. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, ya gina tashar samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra, a tsaunukan Jos, domin juya injinan haƙar kuza. Da yawan leburorin kuzar nan Hausawa ne 'yan ci-rani, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har kamen dole aka yi ta yi a lardunan Arewa ana tura mutane can. Wuta tana juya inji dare da rana, su kuwa leburori suna kwana a bukkoki da aci-balbal.

A Kano abin ya zo da nasa salon. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta kammala babban aikin ruwan famfo da wutar lantarki. Aka kafa injinan jan ruwa a bakin kogin Calawa, aka gina ma'ajiyar ruwa a kan Goron Dutse, aka kafa injin ba da wuta. Aiki ne na a zo a gani, domin garuruwan da ke da irinsa a lokacin ba su da yawa a duk Afirka ta Yamma. To amma da kuɗin wa aka yi shi? Da kuɗin Baitulmalin En'e. Shi kuwa Baitulmali ba daga sama yake cika ba, harajin talakawa da jangalin shanu ne ke cika shi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 manoman karkara suka duƙufa noman gyaɗa, su sayar, su biya haraji, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni.

Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin ranar da kakanmu ya dawo daga birni bayan ya kai gyaɗa a kan jaki. Ta ce ya tara mutane a ƙofar gida yana rantsuwa cewa ya ga fitilar da ba mai, ba lagwani, kuma iska ba ta kashe ta, aka yi ta yi masa dariya ana cewa yunwar hanya ce ta sa shi gane-gane. Allah sarki, bai san akwai gumin goshinsa a cikin wannan fitila ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai kwana ɗaya a ɗaki mai lantarki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

DAGA ECN ZUWA NEPA

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa hukumar ECN, wadda daga 1951 ta karɓe tashoshin wutar da ke hannun ma'aikatar ayyuka da na En'e-En'e. Daga nan wutar Kano ta bar hannun Kanawa ta koma hannun hukumar da hedikwatarta ke Ikko. Bayan samun 'yanci, a 1962, aka kafa hukumar madatsun ruwan kogin Kwara, aka fara gina madatsar Kainji a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa. A nan ma talakan karkara ne ya fara biya, domin sama da mutum dubu arba'in aka tayar daga garuruwansu a ƙasashen Borgu da Yawuri, tsohon garin Busa ma ruwa ya shanye shi baki ɗaya.

A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe hukumomin nan biyu, aka samu NEPA, sunan da har gobe ba a raba bakinmu da shi ba. Aka ƙara madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990. Akasarin sauran manyan tashoshin kuwa na iskar gas ne, kuma kusan dukkansu a Kudu suke, kusa da inda gas ɗin yake. Wannan shi ya sa Kano ta zama 'yar ƙarshen layi. Wutarmu sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta biyo ta Shiroro, ta sauka Mando a Kaduna, sannan ta iso babbar tashar Kumbotso, daga nan a rarraba. Akwai kuma layin da ya tashi daga Kano ya nufi Katsina, ya zarce har Gazawa a Jamhuriyar Nijar, inda ake ba Maraɗi da Damagaram. Ba ƙyashin 'yan uwanmu na can nake yi ba, abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, waya tana iya ratsa sararin samaniyar ƙauye ta tsallaka wata ƙasar, alhali ƙauyen yana cikin duhu, domin ba a sauke wuta sai da tasha da taransifoma, su kuwa kuɗi ne.

Shekarun 1970 zuwa farkon 1980 su ne lokacin da wuta ta yi wa Kano rana. Masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Calawa: masaƙu, majemu, matatun man gyaɗa, kamfanonin alawa, na robobi, na kwanuka. Samarin ƙauyukanmu da dama a can suka samu abin yi, idan damina ta faɗi su dawo gona, ko su aiko da kuɗin ƙwadago. Auduga da gyaɗa da fatun da muke samarwa suna da masu saye a kusa. Ko da ba mu da ƙwan fitila ko ɗaya a ƙauye, muna ɗan lasar romon wutar birni ta wannan hanya.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka fara juyawa. Kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, kayan gyaran injina da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Jama'a na ƙaruwa, tashoshin wuta na tsufa, ba a gina sababbi yadda ya kamata ba. Masu masana'antu suka koma kan janareta da gas, ga kuma atamfa da yadi masu araha suna kwararowa daga Sin. Wanda ke saƙa da wutar janareta ina zai iya gasa da wanda wutarsa ba ta ƙiftawa? Ɗaya bayan ɗaya kamfanoni suka yi ta sa kwaɗo a ƙofa. Ba rashin wuta kaɗai ya kashe su ba, amma duk tsohon ma'aikacin da ka tambaya da ita zai fara. Samarinmu suka koma acaɓa da turin ruwa da gadi.

YADDA TURKE YA ISO ƘAUYE

Ba za a ce gwamnatoci sun manta da karkara gaba ɗaya ba. Tun a shekarun 1970 jihar Kano ta kafa hukumar samar da wuta a karkara, aka riƙa kai manyan janaretoci wasu garuruwa. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, ta yi suna wajen kai wuta garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1981 gwamnatin tarayya ta fito da shirin haɗa dukkan hedikwatocin ƙananan hukumomi da babban layin ƙasa, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta kafa DFRRI don hanyoyi da ruwa da wutar karkara. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Sai dai duk shirye-shiryen nan ciwonsu ɗaya ne: akwai kuɗin kafawa, babu kuɗin kulawa. Ranar buɗewa a yi kiɗa a yanka kirtani, daga nan janaretan ya ci gaba da aiki har ranar da mai ya ƙare ko wani ƙarfe ya karye, shi ke nan ya zama wurin kwanan awaki.

Mu namu ƙauyen sai bayan dawowar mulkin farar hula rabonmu ya zo, kuma a guntu-guntu ya zo. Gab da wani zaɓe aka kawo turaku aka kakkafa, rabi na siminti rabi na katako. Suka yi shekara huɗu a tsaye ba waya, har mata suka fara ɗaure igiyar shanya a jiki. Gab da zaɓe na gaba aka ja waya. Taransifoma kuwa sai da aka yi karo-karo, kowane magidanci ya kawo abin da ya sawwaƙa, wasu da kuɗi wasu da kwanon gero, 'yan birni muka aiko da namu, sannan wani ɗan siyasa ya cika. Ranar da aka kunna ina nan. Yara suka yi ta zagaye gari suna ihun "An kawo wuta!", tsofaffi na hawaye, mahaifiyata ta ƙi yarda a kashe ƙwan ɗakinta har gari ya waye.

Abin da ba mu sani ba a ranar shi ne, an kawo mana abin da babu mutum ɗaya a garin da ya san halinsa. Ba a tara mu an ce ga abin yi ga abin bari ba. Ba wanda ya zo ya duba wayarin gidajenmu. Wani yaro da ya taɓa zama da mai gyaran rediyo a birni shi ya zama injiniyan gari, shi ke ja wa kowa waya, da siririyar wayar da ta fi araha a kasuwa, inda aka yi haɗi a naɗe da leda. Babu gidan da aka binne wa wayar ƙasa, wadda aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta ɓalle ta zubar a ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Idan fis ɗin taransifoma ya ƙone, sai a sami waya mai kauri a ɗaura don kada ya sake damun mutane. Shi kuwa fis da gangan aka yi shi rarrauna, domin idan matsala ta faru shi ya ƙone ya yanke wutar. Wanda ya sa masa waya mai kauri kamar wanda ya ɗaure mai gadi ne don kada ihunsa ya hana shi barci.

RANAR DA SAN HUƊA YA FAƊI

Yanzu na zo kan abin da ya sa yayana ya sunkuyar da kai. Wata damina, shekaru goma sha da suka wuce, aka kwana ana ruwa da iska. Wani turken katako da gara ta cinye gindinsa ya karkace a bakin gonarmu, waya ta sauko ta kwanta a cikin ciyawa. A lokacin an yi kusan mako uku ba a kawo wuta ba, don haka waɗanda suka gan ta da asuba ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Babban ɗan yayana, yana da shekara goma sha biyu, ya fita da shanun huɗa guda biyu, yana riƙe da garma, ƙaninsa na jan su. Ashe cikin dare an kawo wuta. Suna isa kusa da wurin, tun kafin su taɓa wayar, sai san da ke gefen dama ya yi wani irin kuka ya zube, yaron da ke riƙe da ƙarfen garma kuwa aka yi jifa da shi gefe. Allah Ya sa ƙaramin ya tsorata ya ruga gida maimakon ya je ya kama ɗan uwansa.

Yaron ya rayu, amma tafin hannunsa na dama ya ƙone, har yau yatsunsa biyu ba sa miƙewa. San ya mutu nan take. Da na zo daga birni na tarar da yayana zaune a zaure, na ce, "Yaya, sai haƙuri, tunda Allah Ya bar mana yaron ai mun gode." Ya ce, "Haka ne ƙanwata, na gode wa Allah. Amma ki sani san nan shi ne bankina, shi ne taraktata. Bana ban san da me zan yi huɗa ba." Shekara uku ya yi yana haya kafin ya iya haɗa wani.

Daga baya wani tsohon ma'aikacin wuta, maƙwabcinmu a birni, ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai, wato yadda sa zai mutu bai taɓa waya ba. Ya ce idan waya mai wuta ta faɗi, musamman a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wutar tana bazuwa a kewayenta, tana da ƙarfi a kusa, tana raguwa a nesa. Duk mai ran da ƙafafunsa suka taka wurare biyu masu bambancin ƙarfi, wutar za ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Sa kuwa tazarar ƙafafunsa na gaba da na baya tana da yawa, kuma zuciyarsa na tsakani. Ya ƙara da cewa wutar da ke tsayar da zuciyar mutum ba ta kai wadda ƙwan fitila ɗaya irin na da yake ja ba. Da fis ɗin kirki ne a wurin, mai yiwuwa da wayar ta taɓa ƙasa zai ƙone.

Irin wannan ba a ƙauye kaɗai yake faruwa ba. A watan Afrilun 2017 babbar waya ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutane suka mutu suna kallon wasa. A farkon 2023 an wayi gari da makoki a unguwar Gwargwaje ta Zariya, bayan wuta mai ƙarfin gaske ta shiga gidaje cikin dare ta hallaka mutane da dama. Wutar gida ƙarfinta bolt 230 ne ko kusa da haka, wayoyin da ke saman turke kuwa suna ɗauke da dubu 11 ko dubu 33, to idan ta sama ta tsinke ta hau kan ta ƙasa, duk abin da ke jone a gida ya zama ajali. Ga kuma gobarar kasuwanni da ta gidaje a lokacin hunturu, wadda sau da yawa ake dangantawa da hita ko dutsen guga da aka bari a jone aka ɗauke wuta, aka dawo da ita ba kowa.

AN SAYAR, AN SAUYA SUNA

A 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi dokar gyaran harkar wuta. NEPA ta koma PHCN, aka tsaga ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na dakon wuta 1, na rarrabawa 11. Aka kafa hukumar NERC mai sa ido da tsara farashi, da hukumar REA ta wutar karkara. An zuba maƙudan kuɗi a sababbin tashoshi, har a 2008 majalisar wakilai ta yi zaman bincike ana ta ambaton dala biliyan 16. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. A 2015 aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda aikinta shi ne duba ingancin kayan wuta da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Duk da haka wutar da ƙasar ke rabawa ta daɗe tana yawo tsakanin megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma a 2021 Bankin Duniya ya ce kimanin 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wuta sam.

Ya kamata mu yi wa kanmu adalci mu fahimci lissafin ɗan kasuwa. Jan layi na kilomita ashirin zuwa ƙauye kuɗi ne masu yawa, wuta tana zubewa a hanya, ɓarayin waya na jira, a ƙarshe kuma abin da za a kunna ƙwai ne da rediyo da cajin waya. Babu mita, sai a yanko wa gari kuɗi a dunƙule. Mutane su ce ba za su biya kuɗin duhu ba, kamfani ya ce ba zai kai wuta inda ba a biya ba, kowa da gaskiyarsa, duhu kuma ya zauna daram. Tun daga 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga A mai aƙalla awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni. Duk mai hankali ya san inda ɗan kasuwa zai fi son tura 'yar wutar da ya samu.

Sai kuma watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, akasarin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu ƙanƙara da masu walda da masu casar shinkafa a Kano suka tafka asara. Na kira yayana ina yi masa ƙorafi, ya yi dariya ya ce, "Ashe kun ɗanɗana. Mu ai ba mu ma san an ɗauke ba."

ZAMANIN SOLA, DA TSOHON KUSKURE

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya taɓa ƙauye fiye da kowace dokar wuta, domin injin niƙa da injin ban ruwa da janaretan mai caji duk mai suke sha. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manoman rani na bakin madatsar Gari sun ji a jikinsu. Wannan ya sa mutane suka rungumi sola hannu bibbiyu. A birni an ga manyan ayyuka, kamar na Jami'ar Bayero a 2019 da tashar megawat 10 ta Kumbotso a 2023, amma a ƙauye kasuwa ce ta kawo ta ba gwamnati ba. Yau za ka ga faifan sola a kan rufin masallaci, a kan shagon caji, a bakin rijiyar burtsatse.

Ɗan yayan nan nawa mai ƙonannen hannu, yanzu shagon cajin waya gare shi da faifan sola huɗu, da shi yake riƙe da matarsa da ɗansa. Na shiga shagon na yi murna, amma da na ɗaga kai sai gabana ya faɗi: wayoyi a murɗe an naɗe da leda, batura a ƙasa kusa da katifa, babu fis ko ɗaya tsakanin batir da inbata. Na ce, "Kai da wuta ta taɓa yi wa wannan aika-aika?" Ya ce, "Gwaggo, ai wannan ta rana ce, ba ta kisa." Haka mutane da yawa suka ɗauka, alhali abin da ke fitowa daga inbata daidai yake da wutar Nepa, batir kuma idan wayoyinsa suka haɗu gobara ce nan take. Kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Akwai darasi a tarihin Amurka. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta a can, saboda kamfanoni sun ce kai wuta karkara asara ce, irin dai maganar da muke ji yau. A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar wutar karkara, ta riƙa ba manoma bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyinsu na gama kai, su ja layinsu, su mallake shi, su kula da shi, ana kuma tura malamai ƙauye-ƙauye suna koyar da yadda ake amfani da wuta a gona da gida ba tare da haɗari ba. Cikin kusan shekara ashirin gona tara cikin goma ta samu wuta. Mu da muka gaji gayya da adashi, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Kuma tun 2023, bayan gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar wuta, jihohi sun sami ikon samar da wutarsu da rarraba ta da tsara kasuwarta, wato abin da En'en Kano ta yi shekaru casa'in da suka wuce ya sake halatta. Idan za a yi, roƙona shi ne a fara da wutar sana'a, ta niƙa da casa da ban ruwa da walda, domin ita ce ke iya biyan kuɗin kanta, kuma duk garin da za a kai wa wuta a ɗauki yaransa biyu ko uku a horar da su. Ga kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya nan a Bichi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Kafin manya su yi nasu, ga namu. Duk wayar da ka gani a ƙasa ka ɗauka tana da wuta, ko da an shekara ba a kawo ba, ka tsaya nesa da ita kamar taku goma sha biyar, ka hana yara da dabbobi, ka sanar. Idan ka tsinci kanka kusa da ita, ka haɗe ƙafafunka ka ja su a hankali, kada ka yi dogon taku. Wanda wuta ta kama a gida kada a taɓa shi da hannu, a kashe daga makunni, in ba hali a ture shi da busasshen ice, amma wannan dabara ba ta aiki a kan babbar waya. A kai shi asibiti ko da ya miƙe yana magana, ba a tsaya ba shi madara ba, domin ƙunar wuta ta ciki ta fi ta waje. Kada a watsa wa gobarar lantarki ruwa sai an yanke wutar. Da an ɗauke wuta a zare hita da dutsen guga. Kada a yi gini ko rumfa ƙarƙashin layi: ƙa'ida ita ce a bar mita biyar da rabi kowane gefe na layin dubu 11 da dubu 33, mita 15 ga na dubu 132, mita 25 ga na dubu 330. Fis kuwa, idan ya ƙone, a nemi abin da ya ƙona shi, a mayar da irinsa.

Kafin na baro gida na ba ɗan yayana kuɗin fis da tef da waya mai kauri, na kuma sa ya yi mini alkawarin zai ɗauko wanda ya koyi aikin ya sake masa haɗin shagon. Ita kuma 'yar da ta yi tambaya na zaunar da ita na ba ta labarin turken tun daga jakin kakanmu, na gargaɗe ta kada ta kuskura ta taɓa wayar da ke lilo a jikinsa. Ta ce, "To Gwaggo, yaushe za a kawo?" Na ce ta tambayi babanta. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta wannan hanya. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu na mako mai zuwa.